Tela da Gidan da Ya Saya Ba Dillali

Tela mutum ne mai hannun jarirai, ko allura ce ta faɗi sai ya ɗaga tabarma. Da idonsa ya fara rauni, ya kwashe tarin shekara ashirin ya ce gidan haya zai saya, ya ci tsufansa da shi. Matarsa ta ce ya nemi dillali. Ya ce la'ada? Ba da guminsa ba.

Lokacin kuwa ko kango aka sa a kasuwa, kafin ka ce kwabo an saye. Ranar da ya je duba wani gida mai ɗaki shida, ya tarar da mutane cike, suna ƙwanƙwasa bango, suna leƙa ɗakuna. Hankalinsa ya tashi, kar a riga shi. Bai tambayi maƙwabci ko ɗaya ba, a tsaye ya biya.

Bayan kwana uku, gab da magariba, ya koma auna tagogi don ɗinka labule.

Tsakar gidan tsit. Warin jiƙaƙƙiyar toka. Famfo na ɗiga, ɗis, ɗis, alhali an yanke ruwan.

Ya ja tef a tagar farko. Sai ya ji an riƙe masa ɗaya bakin.

Ya waiwaya. Mutanen ranar ciniki ne, kowa tsaye a ƙofar ɗakinsa, ba mai ƙifta ido. Ashe ba saye suka zo yi ba.

Wata tsohuwa ta matso, muryarta kamar daga cikin tulu.

"Mai gida, wane ne dillalinka? Wa za mu riƙa kai wa kukanmu?"

"Ba... ba ni da shi."

"To, kai ne ke nan."

Bai san yadda ya kai titi ba, da takalmi ƙafa ɗaya.

Ba ɗan hayar da ya taɓa kwana biyu a gidan. Dillalan da ya bi yana roƙo su karɓi gidan kuwa, da sun ji kwatance sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ya sa wa gidan kwaɗo ya haƙura, ya ce asara ce, ta wuce.

Ranar da aka yi ruwan farko, ya dawo daga shago ya tarar matarsa na kwashe kofuna a falo. Ta ce baƙi ya yi, masu ladabi, sun ce rufinsu na yoyo, za su ɗan zauna a nan har a gyara.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Suna ina?"

Ta nuna ɗakin yara.