Abin da Ke Cikin Giyabos

Rana ta gama faɗuwa, sai ɗan ja da ya rage a saman katanga, lokacin da fitilun motar suka kunna kansu.

Bakaniken yana tsugune a bakin rariya yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Matarsa tana kwashe shanya. Babbar 'yarsu, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa har yake kiranta Uwata, tana kora kaji cikin akurki. Motar kuwa, tsohuwar akori-kura wadda ta girmi yarinyar da shekaru, tana fake a tsakar gida inda take kwana kullum. Makullinta yana aljihunsa.

"Baban yara, ka bar wuta a kunne," in ji matar.

"Ban bari ba."

Ya leƙa ciki, ya tarar da makunnin a kashe. Ya buɗe bonet ya zare kan batir. Fitilun ba su mutu nan take ba. Sun ɗan jima suna haska bangon ɗaki, sannan suka dusashe a hankali, kamar idon da barci ke ɗauka.

"Waya ce ta goge tana taɓa jiki," ya ce. Bai dubi kowa ba da ya faɗa.

Da wannan motar gidan ke ci. Da safe ya yi dakon bulo da yashi, da yamma ya gyara motocin mutane a ƙofar gida. Makonni uku kafin wannan magaribar giyabos ɗinta, wato akwatin giya, ya lalace, ya zaga duk masu sayar da tsofaffin ƙarafa, kowa ya ce irin wannan an daina ganinsa tun tuni. Sai wani direba ya ba shi labarin wata mota irin tasa da ta faɗa kwazazzabo a bayan tsohon wurin fasa dutse, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ta. Ya je shi kaɗai da tsakar rana, ya kwance giyabos ɗin, ya jawo shi gida a amalanke, ya ɗaura. Motar ta tashi lafiya, giya na shiga kamar ana yanka sabulu.

Washegarin kunnuwar fitilun bai fita dako ba. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tun daga batir har fitilar baya, ya naɗe duk wadda ya ga ta ɗan tsufa, ya canza fis biyu da ba su ƙone ba. Da magariba ta yi, hon ya ɗauka shi kaɗai, doguwar ƙara mai rawa, har maƙwabta suka fito. Ya cire wayar hon ɗin gaba ɗaya ya jefa cikin akwatin sifanu.

Daga nan injin ya karɓa. Da rana lafiya lau, ko tari ba ya yi. Amma in yamma ta same shi a hanya, sai motar ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu. Ya canza filogi. Ya kwance kafireta ya wanke, ya hure bututun mai da bakinsa, ya sauke tanki ya zubar da abin da ke ciki ko ruwa ya shiga. Bai ga komai ba. Sau biyu yana tafiya a giya ta uku sandar giyar ta ƙwace daga hannunsa ta koma ribas, ƙarafa suka yi kururuwa, ya taka birki. Wanda ya san mota ya san haka ba ta faruwa.

Ya kira wani abokinsa mai gyaran wayoyin wutar mota, mutum mai surutu wanda ke cewa ko gawar mota ce zai sa ta yi atishawa. Abokin ya zo da la'asar ya kwanta ƙarƙashin motar yana ta zuba. Can surutun ya ɗauke. Ya fito fuskarsa ta canza, ya tattara kayansa, ya bar shayin da aka zuba masa ko kurɓa bai yi ba.

"Me ka gani?"

"Wutarka lafiya take. Wannan ba aikina ba ne, kuma ba naka ba ne." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ƙarfen nan numfashi yake yi."

A yammacin nan jifa ta fara. Ana idar da sallar magariba suka ji ƙwal a kan rufin kwano, sai kuma wani, sai kamar ƙanƙara. Ba duwatsu ba ne. Notina ne masu tsatsa, suna gangarowa tsakar gida, in ka ɗauka ka ji su da ɗumi, jiƙe da mai. Matar ta tara ƙananan yara a ɗaki ta rufe. Da shiru ya dawo, sai suka ji wani abu daga wajen motar, siriri, ƙasa-ƙasa, kamar mace tana rarrashin jariri.

"Ka mayar da abin nan inda ka ɗauko," in ji matar.

"In mayar mu ci me? Ƙarfe ƙarfe ne. Duk abin da ya lalace akwai dalili, zan gano shi."

"Kai ka sani. Ni dai na gaya maka."

Kwana biyu bayan haka, motar tana fake babu batir a jikinta, ga duwatsu ya tare tayoyin, 'yar ta bi ta bayanta da tulun ruwa. Bakaniken yana kallo. Motar ta haye duwatsun ta taho da baya, shiru, ba ƙarar inji, ta tsaya saura taki ɗaya ta haɗa yarinyar da katanga. Ba ta taɓa ta ba. Amma tulun ya faɗi ya fashe, yarinyar ta sulale ƙasa.

Suka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido. Ba ta dubi uwarta ba. Ta ture su, ta rarrafa ta shige ƙarƙashin motar, ta rungume giyabos ɗin da hannu biyu, ta manna kuncinta a jikin ƙarfen, ta fara wannan rarrashin da suka ji.

"Uwata," ya ce, ya kama ƙafarta. "Uwata, fito."

Ta shure shi sau ɗaya. Ya tsinci kansa a gindin akurki, haƙarƙarinsa kamar an buga masa guduma.

Kwana uku tana haka. Da hantsi sai jikinta ya saki, su jawo ta su kwantar a ɗaki, ba ci ba magana, idonta a buɗe. Da inuwa ta fara tsawo sai ta tashi, maza huɗu ba sa iya riƙe ta. Ranar da uwarta ta zo kunna risho, warin kananzir ya bugi hancin yarinyar, ta yi wata irin ƙara wadda ta sa karnukan layin suka yi tsit. Bakaniken ya daina taɓa sifana. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon ƙafafun 'yarsa da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, duk sun yi baƙi.

Wan matar ne ya kawo wani malami, dattijo siriri mai farin gemu wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar da gorar ruwa a hannu. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tayar gaba, ya ce a fitar da ƙananan yara, ya zauna yana karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken tsakar gidan ya yi ta raguwa, kaji suka shige da kansu, ba mai motsi. Can ya tofa a ruwan ya watsa ƙarƙashin motar.

Rarrashin ya tsaya.

"Tsoho, kana ƙona ni."

Daga bakin yarinyar maganar ta fito, amma muryar ta babbar mace ce, busasshiya, wadda kuka ya cinye.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Mai gidan da aka sace."

"Ƙarfen mutane ne. Mutane suka ƙera shi."

"Mutane suka yar. Damina goma sha ɗaya ina ciki, ba wanda ya zo nema. A ciki na haihu."

Matar ta dafe ƙirji. Malamin bai motsa ba.

"To an ɗauki gidanki bisa rashin sani. Za a mayar miki. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Gida?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Da gida ne kawai da na bar masa. Ka tambaye shi da me ya wanke shi. Na fita neman abinci, na bar ɗana yana barci a ciki. Ya zo ya kwance, ya kwarara kananzir ya girgiza, ya zubar a ƙasa. Na dawo na tarar ba gida, ba ɗa."

"Bai gani ba. Idonmu ba ya ganinku."

"Bai gani ba. Amma ka tambaye shi ko ya ji."

Malamin ya juyo a hankali ya dubi bakaniken. Matarsa ma ta dube shi. Tun ranar yake danne abin, yana gaya wa kansa tsatsa ce, iska ce a cikin bututu.

"Na ji," ya ce. "Da na fara zubawa na ji kamar kukan jariri. Na tsaya. Ya yi shiru. Sai na ce ƙarfe ne. Na ƙara zubawa, ya sake yi. Ban tsaya ba. Rana tana yi, ina son in gama."

Matarsa ta janye gefen mayafinta da ke taɓa kafaɗarsa.

"Ka ji da kunnenka, tsoho," in ji muryar. "Ɗa a bakin ɗa. Ka bar min wannan. Ba zan cuce ta ba, zan riƙe ta kamar ni na haife ta."

"Ba za a ba ki ba. Wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, ke ma kin san wannan. An zalunce ki, ban musa ba. Amma abin da kike yi wa yarinyar nan zalunci ne, kuma Wanda ya halicce mu ya halicce ku yana kallo."

"To rabin shekara."

"Ko kwana ɗaya."

"To in zauna a hannunta na hagu kawai. Ba za ta ma sani ba."

Malamin ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Yarinyar ta yi ta birgima, kanta na bugun ƙarfe, motar gaba ɗaya tana jijjiga har ƙofofinta suna kaɗawa. Bakaniken ya yunƙura, surukinsa ya danne shi. Sai muryar ta karye. Ta koma kuka, irin kukan da kowace mace a layin za ta gane.

"Bari, bari. Zan tafi. Amma uban shi zai kwance ƙarfen da hannunsa. Shi zai kai, a ƙafa, ba mai taya shi. Ya haƙa rami a inda ya zubar, ya binne shi duka. Kuma ya faɗa da bakinsa, a can, cewa ya ji."

"Wannan hakkinki ne," in ji malamin. "Ki yi alkawari da sunan Allah ba za ki dawo ba, ke da danginki."

Ta yi. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar yarinyar ta hagu ta miƙe ta sandare, ta yi rawa, sannan ta faɗi. Hannuwanta suka saki ƙarfen.

Gari na wayewa bakaniken ya kwance giyabos ɗin. Ya ɗora a amalanke ya tura, tafiyar da ta cinye masa rabin yini, tafin hannunsa ya ɗuri ruwa ya fashe. Ya sami wurin, ƙasar har yanzu baƙa ce, ko ciyawa ba ta fito ba. Ya haƙa, ya binne, ya tsaya shi kaɗai a cikin kwazazzabon ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Ba abin da ya amsa masa.

Jifa ba ta sake faɗowa ba. Motar ta zauna a kan duwatsu wata biyu, sannan ya sayar wa masu tsofaffin ƙarafa, ya koma gyaran motocin mutane. Abinci ya ragu a gidan, amma ana ci. Matarsa tana ajiye masa nasa, tana amsa gaisuwarsa, ba ta ƙara ko kalma a kai.

Yarinyar ta warke a hankali. Ta fara shan ruwa, ta fara zama, ta fara fita tsakar gida. Ba ta yi maganar abin ba, su ma ba su tambaye ta ba, suna zaton ba ta tuna komai. Sai wata rana da hantsi, yana zaune yana goge filogi, ta zo ta tsaya a kansa.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Matar nan ta nuna min ɗan nata. Bai fi tafin hannuna ba. Ya fara koyon zama."

Burushin ya tsaya a hannunsa.

"Na farko ka ce ƙarfe ne, na yarda," ta ce, ba da faɗa ba, a hankali. "Na biyun fa? Me ya sa ba ka tsaya ba?"

Ya buɗe baki. Ta jira shi, ta daɗe tana jira. Da ta ga ba abin da zai fito, sai ta juya ta koma wajen uwarta.