Tsintau da Gadar Ƙetare

Tsintau, na'urar shimfiɗa layin dogo, ta shigo garin Ɗan Marke da hantsi, tana tafe a kan ƙafafunta takwas, hancinta na maganaɗisu yana shinshina ƙasa. Duk inda ta ji tsohon ƙarfen dogo sai ta tsaya ta tono shi ta haɗiye. A cikinta akwai tanderu mai aiki da hasken rana, shi ke narkar da ƙarfen, sannan ta fitar da sabon layi ta baya ta shimfiɗa shi sumul. Injiniya Barira Mudi ce ke sarrafa ta, kuma 'yar garin ce.

A shekarar 2094 haƙo sabon ƙarfe ya fi ƙarfin kowa, shi ya sa hukumar farfaɗo da layuka ta kafa doka: kowane gari zai sami layi gwargwadon tsohon ƙarfen da aka tsinto a ƙasarsa. To, a nan gizo ke saƙar. Jirgin ƙasan Ɗan Marke da a da yake zuwa kullum ya koma Litinin da Alhamis, ya koma na kaya kaɗai, daga nan wata rana shugaban tasha ya kulle ofis ya tafi da makulli, ko sallama babu. Shekara saba'in ke nan, kuma mutanen gari ba su bar ƙarfe yana tsatsa a banza ba. Wani ya zama ƙararrawar firamare, wani ginshiƙin rumfar mahauta. Goma sha biyu mafi tsawo su ne gadar da ta haɗa gari da unguwar Ƙetare.

Barira ba don suna take wannan aiki ba. Mahaifiyarta, Inna Tasalla, tana Ƙetare da ciwon ƙoda, kuma duk Laraba sai an kai ta wankin jini a birni. Awa shida a mota kan hanyar da ta fi kama da kwazazzabo. A jirgi kuwa minti hamsin. Kowace dawowa sai ta ga tsohuwar ta ƙara ramewa, abin yana ci mata rai.

Da Tsintau ta fara shela da muryarta ta lasifika cewa ta gano kayan hukuma a gida kaza, kunya ta kama gari. Wa zai yarda a kira kakansa ɓarawo a bainar jama'a? Kafin ta iso ƙofar mutum, ya riga ya ciro nasa ya ɗoro a amalanke. Duk da haka layin ya tsaya cak, saura taki ɗari biyu ya kai tasha. Allon na'urar ya nuna wuri ɗaya da ya rage, wato gada.

Kawu Ilu maƙeri, ƙanen Inna, shi kaɗai ya ja da maganar cinye gadar. Ya tuna wa Barira cewa mahaifinta ne ya jagoranci kafa gadar bayan rafin ya ci mutum uku a damina ɗaya. Barira ta nuna masa takardar hukuma mai alkawarin gadar siminti kafin ruwan fari. Lokacin bazara ne, rafin ba komai sai yashi da sawun awaki.

"Barira, jirgin nan ma da takarda suka ce zai dawo bayan wata uku," in ji shi. "A goye nake lokacin."

"Kawu, Inna ba za ta iya wata shekarar a mota ba."

Shi ma ya san haka ne. Barira ta ɗora yatsanta a kan allon. Cikin awa ɗaya Tsintau ta cinye gadar, kafin la'asar layi ya taɓa tasha, mata suna ta guɗa.

Ruwan fari ya sauka, siminti bai zo ba. Barira ta rubuta wasiƙa bakwai, na'urar ofis tana amsa mata cewa buƙatarta na kan layi. Jirgin farko ya iso wata ranar Laraba a tsakiyar Agusta, fari fat, ba direba, bayan kwana biyu ana tafka ruwa. Rafin ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Barira tana wannan gaɓa, tana hango Inna a waccan, zaune a kujerar roba, Kawu Ilu na riƙe mata da lema. Masu kwalekwale sun ce ko nawa za a ba su ba za su shiga ba.

Ta ruga tasha ta roƙi jirgin ya jira. Muryar da ke jikin ƙofa ta ba ta haƙuri cikin ladabi, ta ce minti huɗu aka ware wa Ɗan Marke. Ƙofofi suka rufe, jirgin ya yi kuka ya wuce.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na ji kukansa, 'yar nan. Ashe da rabon in sake ji. Kar ki yi kuka, Laraba mai zuwa ma rana ce."

Likita ya riga ya gaya wa Barira abin da tsallake wankin jini na mako guda ke nufi ga ran Inna. Ta zauna a kan sabon layin, ƙarfen yana da ɗumi, ruwa na dukanta.