Sumar Baba a Cikin Ambulan

Ranar da ta fara kawo mahaifinta aski, mai askin ya gama aikinsa ya kakkaɓe ƙyalle, sai ya ga budurwar ta durƙusa tana tsince farar sumar tsohon daga ƙasa. Ta naɗe ta a takarda, ta jefa a jaka. Ya duba shagonsa ko ƙazanta ta gani, bai ga komai ba.

A zuwa na uku ya yi ƙarfin hali ya tambaya. Ta ce a gidansu ba a barin gashin kai a hannun baƙo, daga kakarta suka gada: kai ne mazaunin mutunci, abin da ya fito daga gare shi ba shara ba ne. Bai gane ba, amma ya karɓi lambarta.

"'Yar tsintsiya, yaushe Baba zai sake tara suma?" ya rubuta mata.

"Mai almakashi, Baba kake kewa ko mai rakiyarsa?"

Wata rana aiki ya riƙe ta a makarantar da take koyarwa, Baba ya zo shi kaɗai, ya kuma tafi bai tuna da sumar ba. Mai askin ya tsaya da tsintsiya a hannu. Zubarwa ta ba shi tsoro, kai musu kuma ya ga kamar neman suna. Sai ya share ta cikin ambulan ya sa a durowa.

Mai shagon magani na kusa, wanda shi ma yake son yarinyar, ya gani. Kafin mako ya ƙare labari ya kai gida cewa mai aski ya ɓoye gashin Baba zai yi masa asiri ya ba shi 'ya. Baba ya ce maganar auren da mai askin ya fara nema ta mutu. Saƙo ɗaya ta turo wa mai askin: "Da gaske yana wurinka?" Ya amsa da e. Daga nan shiru.

Wata biyu Baba bai yarda da hannun kowa ba, har suma ta rufe masa kunne. Ran nan ya shigo, 'yar na bayansa, ya ce a fito masa da kayansa. Ya zazzage ambulan a tafin hannu, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Yaro, wannan baƙin na waye? Rabona da baƙin gashi shekara ashirin."

Mai askin ya tuna. A ranar, mai magani ya fara yi wa aski kafin Baba, ya haɗa sumarsu ya share.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "To da asirin ne, shi ka kama. Je ka nemi 'yarsa." Ya hau kujera ya ce a rage masa wannan dajin, sauran maganar kuma a turo manya.

Sai wayar mai askin ta yi ƙara, saƙo daga gare ta: "Sakarai na."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba ya ɗora hannu a kan angon, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ango ya ce amin, har lokacin bai tabbatar ko laifi ya yi ko abin kirki ba.