Hanyar Bayan Gari

A cikin cunkoson motoci suka haɗu, wurin da ko mai haƙuri sai ya yi tsaki.

Shi mai shagon tabarau ne. Yana zaune a tsohuwar motarsa, gumi na bin wuyansa, rediyo na kunne. Muryar Safe, yarinyar nan mai ba da labarin hanyoyi, tana ta ba direbobi haƙuri, har haƙurin ya ishe shi.

"Ke da kike ofis iska na kaɗa ki, me kika sani game da wahalar nan?" ya ce wa rediyon.

Rediyon na tafiya hutun talla sai ga amsa daga tasin da ke gefensa.

"Malam, ga ni kusa da kai. Ranar da ke dukanka ita ke dukana."

Ashe ita ma cunkoson ya ritsa da ita, ta waya take gabatar da shirin daga kujerar baya. Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma idon mai sana'a ba ya barci, nan take ya lura ƙafar tabaranta a karye take, an ɗaure da zare. Ya miƙa mata katin shagonsa ta taga, ya ce ta kawo ya gyara a madadin ban haƙuri.

Ta kawo. Gyaran da bai kai shan shayi ba sai ya ci makonni, kullum akwai wani ɗan noti da bai zauna daidai ba. Ta gane sarai, amma ba ta taɓa cewa a ba ta kayanta ba. Kafin a ankara ya koma kiranta Rediyona, ita kuma tana ce masa Idona.

Matsalar tana gida. Mahaifinta tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, Baba Agogo ake ce masa, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. A gidansa ko abinci da lokacinsa yake sauka. Ranar da mai tabarau ya fara zuwa gaisuwa, cunkoso ya riƙe shi. Zuwa na biyu ma haka. Baba ya karɓe shi a falo yana kallon agogo maimakon fuskarsa, ya raɗa masa suna Sarkin Latti.

Ga kuma Injiniya, ɗan abokin Baba da shi ma ke neman aurenta, wanda kan iso da wuri ya zauna a mota har lokaci ya cika cif sannan ya ƙwanƙwasa ƙofa. Baba na ji da shi. Ita kuwa ta faɗa wa Mama cewa hira da shi tamkar karanta jadawalin jirgi ce.

Mama ta sa baki, ta yi lallashi, Baba ya kafe.

"Wanda ya kasa riƙe lokaci, yaya zai riƙe min 'ya?"

Ana haka tafiya ta taso. Baba zai je duba yayarsa, Gwaggo, a wani gari mai nisa, kuma dole a ratsa tsakiyar birni kafin a kama babbar hanya. Idonsa ya daina jure dogon tuƙi. Injiniya ya yi tayi, amma Mama ta riga shi da dabara, ta ce a gwada mai tabarau, ai ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Baba ya yarda bisa sharaɗi. Gwaggo za ta jira su da abincin rana. In suka tarar da shi da zafi, za a yi magana. In ya huce, kada Sarkin Latti ya ƙara taka masa ƙofar gida.

Sai shiri ya kankama. Kullum da yamma bayan an rufe shago, mai tabarau da Muryar Safe sukan shimfiɗa taswira a kan kantar gilashi, tabarau na kallonsu ta ƙasa. Ita ta san kowace mahaɗa da ke cushewa, shi kuma yakan fita ranar hutu ya gwada duk lungun da ta nuna. Wani ya ɓulle a kasuwa, wani ya ƙare a bakin rami. Daga ƙarshe suka samo wata tsohuwar hanya da ta bi bayan rumbunan ajiya, ta wuce masu buga bulo, ta haye wata siririyar gada, ta ratsa gonaki, sannan ta faɗa babbar hanya can gaba da birni. Ba kowa a kanta sai awaki.

"Sirrinmu ne fa, Rediyona," ya ce.

"Ni da nake riƙe sirrin gari guda? Kwantar da hankalinka, Idona."

Ran tafiya mai tabarau ya iso tun Baba bai gama shayi ba. Baba ya shiga gaba, ya ce ba ya son surutun rediyo a mota, sannan ya toshe kunnensa da abin sauraren 'yar rediyonsa, wai labaran duniya yake ji. Saƙon Muryar Safe ya shigo wayar mai tabarau kafin su tashi.

"Allah ya kiyaye hanya, Idona. Ka kawo min labari mai daɗi, ka kuma dawo min da kanka."

Da farko tafiya ta yi daɗi. Suka wuce rumbuna, suka wuce masu bulo, har mai tabarau ya fara murmushi shi kaɗai. Suna dosar gadar sai murmushin ya ɗauke. Motocin haya, manyan motocin kaya, babura, har da motar makaranta, duk sun yi cirko-cirko a hanyar awaki. Ba gaba, ba baya.

Ya sauka da sunan sayen ruwa, ya tambayi wani direba yadda aka yi kowa ya san nan. Direban ya ce ai Muryar Safe ce ta kwatanta musu ɗazu, tiryan-tiryan, har da gadar.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya jingina da wata bishiya ya rubuta mata.

"In Injiniya kika zaɓa, da kin faɗa min ni kaɗai. Ba sai kin tara min gari ba."

Amsa ta zo da sauri.

"Wallahi ba haka ba ne, Idona. Wani ne ya bugo yana kuka, matarsa na naƙuda, an tare su ta ko'ina. Bakina ya riga tunanina, na manta ba shi kaɗai ke saurare ba. Ba Baba wayar in faɗa masa da kaina. Kuka nake yi."

Ya karanta, ya sake karantawa. Fushin ya zube, kunyar zargin da ya yi mata ta maye gurbinsa.

"Yafe min, Rediyona. Ba zan ba shi ba. Sun isa asibiti?"

"Sun isa kafin a cika hanyar. Mace aka samu."

"To hanyarmu ta yi aikinta. Share hawayenki."

Ya koma mota ya miƙa wa Baba ruwa. Baba ya sha, ya dubi agogo, ya tambaye shi ko akwai wanda ya san za su bi hanyar nan ban da shi.

"Laifina ne, Baba. Ni na zaɓi hanyar, ni ya kamata in yi tanadin wata."

Baba ya gyara abin kunnensa. Rana ta take, ta karkata. Mai tabarau bai danna hon ko sau ɗaya ba. Ya rataya rigarsa ta sama a taga don ta tare wa tsohon rana, ya karɓi tabaransa da ke zamewa ya ɗaure masa notin. A ransa kuwa ya riga ya fara ban kwana da gidan nan.

Sai la'asar sakaliya suka isa. Gwaggo na bakin ƙofa, ta ce abinci kam ya huce har ya gaji da hucewa. Mai tabarau ya ajiye jakar Baba, ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe zai koma mota.

"Ina za ka?" in ji Baba. Ya zare abin kunnensa ya ɗaga. "Ka ɗauka labaran duniya nake ji? Tun da yarinyar nan ta fara aiki, shirinta bai taɓa wuce ni ba. Kada ka faɗa mata. Na ji lokacin da ta yi ɓaranɓarama, na kuma jira in ji ko za ka sayar da ita don ka tsira."

Ya juya ga yayarsa.

"Yaya, ga surukinki. Latti kam akwai shi. Amma a tasha na tsufa, jirgin da ya makara ana jiransa, wanda ya sauka daga layi ne ake wa kuka."

Gwaggo ta ce to a shigo, sai ta ɗumama abincin.

Ranar ɗaurin aure ango ya riga masu shimfiɗa tabarmi isowa. Jama'a suka taru, har Injiniya, wanda ya zo a kan lokaci kamar kullum ya yi masa murna. Mutum ɗaya ake jira, uban amarya. Ashe Baba cewa ya yi a bi da shi ta hanyar bayan gari, ya manta tun ranar nan ta zama ta kowa.

Da ya iso yana share gumi, ango ya tarye shi cikin ladabi.

"Sannu da zuwa, Baba. Jirgin da ya makara ana jiransa."

Baba Agogo ya yi dariya har da hawaye. Ya kwance agogonsa ya ɗaura wa angon a hannu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya buɗe musu kowace hanya da ta cushe. Jama'a suka amsa da amin.