Gishiri a Kan Madubi

Shekara ashirin da biyu Sufeto ya yi yana aikin ɗan sanda, bai taɓa sakin baki a wurin bincike ba sai ranar da aka kira shi tashar wutar lantarki mai aiki da hasken rana. Madubi dubu goma ne jere cikin rairayi, kowanne ya kai ƙofar gareji girma. Rana na ɗagowa suka juya gaba ɗaya, babu mai taɓa su, suka tattara haskenta a kan hasumiyar da ke tsakiya. Ƙololuwarta ta yi fari fat, ido ba ya iya kallo. Bai san sanda ya cire hularsa ba.

"Ranka ya daɗe, zafin can sama gishiri yake narkarwa," in ji Injiniya, matar da ta kira su. "Shi ke tafasa ruwa, tururi ya juya inji, gari uku su sami wuta."

"To, me aka sace?"

"Haske. Wata biyu ke nan wutar ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. Jibi kwamiti zai zo, in suka tarar da haka za su ce kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, a rufe tashar. Manaja kuma ya ɗora wa Baba mai wanki, wai ba ya wanke madubai. Yau zai kore shi."

Ko Sajan da ke biye da Sufeto sai da ya murmusa. An sha kawo musu satar akuya da ta janareta, amma satar haske sabon salo ce.

Sun sami Baba a layi na arba'in, tsumma a kafaɗa.

"Ɗana, kullum kafin rana ta yi zafi mun gama. Amma yanzu ina wankewa, yana bushewa, sai ya yi hazo kamar idon tsoho."

Sufeto ya shafa yatsa a jikin madubin, ya kai baki. Gishiri.

"Wa ke kawo ruwan?"

"Direban tanka, daga matatar ruwa. Ai madubi ba ya shan ruwan rijiya, ya fi mu gata."

Direba yana kwance a inuwar motarsa. Ya miƙe da fara'ar da ta yi yawa.

"Ranka ya daɗe, gishirin hasumiya ne iska ke kwasowa."

"Yana rufe cikin bututu," in ji Injiniya. "Ko ƙwaya ba ta fita."

Sufeto ya zagaya tankar. Awaki biyu ya gani suna lasar bakin famfonta, tayoyin kuma sun kwaso kashin raƙumi.

"Hanyar matatar ruwa kwalta ce. Yaushe raƙuma suka fara binta?"

Direba ya sunkuyar da kai.

Suka sa shi a mota suka bi sawun tayar, har wata ƙaramar unguwa bayan tudu. Ga rijiyar zartsi, bakinta ya yi fari da gishiri, raƙuma na kewaye da ita. A gefe kuma ga jarkoki jere, cike da ruwa garai-garai. Wata mata ta leƙo daga zaure, ta hango Direba tsakanin 'yan sanda, ta dafe ƙirji.

"Matata ce," ya ce. "Ni ne, ranka ya daɗe. Nan nake sauke ruwa mai kyan, in cika tanka da na rijiya. Ko sisi ban karɓa ba."

Injiniya ta riga ta ja gefe da waya, tana neman wata tankar da za a sake wanke madubai kafin jibi. Baba dai ya tsira da aikinsa. Amma Sufeto bai ji daɗin da ya saba ji in ya kama mai laifi ba, tausayi ne ya cika shi.

"Ka san gari uku ka kusa jefawa cikin duhu?"

"Na sani, kuma na cuci Baba, ya yafe mini." Direba ya miƙa hannuwansa biyu. "Amma ruwan nan da madubi ya ƙi, shi 'ya'yana suke sha tun da aka haife su."

Sajan ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya buɗe wa Direba ƙofar mota da kansa.