Gurbin Bulo Ɗaya

"Auta... me kika yi?"

Umma ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi da ihu ta yi da ya fi sauƙi. Auta na tsaye a kan kujerar katako, rolar shafa fenti a hannunta, farin fenti na ɗiga a kan silifas ɗinta. Tun da gari ya waye take shafawa, ta cinye bangon gaban gidan daga taga har kusa da ƙofa.

"Umma, ki yi haƙuri... dole ce ta sa ni."

"Dole? Wa ya sa miki wuƙa a wuya?"

"Dangin mai nemana za su zo ranar Asabar, Umma! Mamansa ta ce ba za ta kwaso ƙawayenta ta kawo su kango ba. Kango fa ta ce!"

Ta faɗi kalmar tana kuka, don tun da ta ji ta take cin ta a rai.

Gidan nan kuwa ba kango ba ne. Marigayi Baba magini ne, shi ya buga kowane jan bulo da ke jikinsa, ya gasa, ya jera. Yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa ke masa dariya a kai: kafin bulo ya bushe sai ya danna masa babban yatsa a gefe. Don haka duk bangon ɗan rami ne, ɗan rami ne, shaidar hannunsa. A gefen ƙofa kuma ya bar gurbi uku, ɗaya don kowace 'yarsa. Ya ce duk wanda zai ɗauke masa 'ya, to ya zo ya saka bulo da hannunsa, ya san shi ma ya zama bangon gidan. Mazajen yayyenta biyu sun cike nasu. Saura na Auta, wanda har yau ƙadangaru ke hutawa a ciki.

Wanda ake sa ran zai cike shi malamin makaranta ne, ɗalibansa suka laƙaba masa Lissafi, sunan ya bi shi har gida. Mutum ne mai sanyi, mai tafiya kamar yana tsoron taka tururuwa. Auta na son sa irin son da ke hana mutum cin abinci.

Sai dai yana da 'yar gwaggo, Kwalliya, wadda dangi suka daɗe suna yi wa sha'awarsa. Ita ta zo wai gaishe da Umma, baki har kunne, tana yabon ruwan gidan da sanyi. Da za ta fita ta ɗauki hoton bangon a waya ta watsa wa dangi. Washegari ta kira Auta, murya kamar zuma.

"Ke 'yar uwa, don ina ƙaunarki nake faɗa miki. Ku ɗan rufa wa kanku asiri mana. Ko filasta ba ku yi ba?"

Yaya Babba, wan su Auta, na jin labari ya sayo bokitan fenti, da ma ya daɗe yana cewa gidan ya yi kama da gidan burodi. Mai fenti ya zo ya duba, ya ce sai an cike gurbin nan da siminti bango ya yi sumul, amma shi ba zai ɗora burushi ba sai mai gidan ta yarda. Umma ta ce a'a. Aka kai ruwa rana, Yaya ya yi fushi ya daina shigowa, Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Yau da safe ta ga Umma ta shiga wanka, ta janyo bokiti.

Umma ta tako a hankali ta wuce ta. Ta tsaya dab da ƙofa, ta kai hannu wani wuri daidai ƙirjinta, inda take shafawa kullum in za ta fita. Yatsanta ya dawo da farin fenti.

"Wannan shi ne na farko," ta ce. "Ranar muna amarya da ango. Ya danna nasa, ya kama hannuna ya danna nawa kusa da shi."

Auta ta saki rolar ta faɗi ƙasa.

"Umma ban sani ba... wallahi ban sani ba!"

"Ba ki tambaya ba dai."

Ta goge yatsan a gefen zaninta, ta shige ciki ta turo ƙofa.

Auta ta diro daga kujera. Ta kwaso ruwa ta watsa, fentin ya tsinke ya ƙara nutsewa. Ta ɗauko tsumma da kananzir. Ta shiga ɗakin kayan aikin Baba ta zaƙulo burushin waya, ta durƙusa ta hau dirza. Jan bulo kuwa mashayi ne, abin da ya sha ba ya amayarwa. Saman ya fita, amma farin ya maƙale a cikin kowane ramin yatsa, sai ka ce idanu ne suka zuba mata.

"Fita mana... don Allah ka fita!"

Rana ta take, gwiwoyinta suka ƙage, waya ta yanke ta a 'yan yatsu har jini na haɗuwa da fenti. Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana, kuma yau Auta ta yarda. Ta ɓata wa Umma abin da ba a saye a kasuwa, kuma ko bangon bai kammalu ba, rabi fari rabi ja. Wa zai kawo danginsa nan?

Ba ta ji tsayuwar babur ba.

"Tawa?"

Ta juyo. Lissafi ne, da jakar makaranta a kafaɗa da ƙurar alli a hannun riga. Ya dubi bangon, ya dubi hannunta, fuskarsa ta canza.

"Wa ya sa ki wannan?"

"Tafi kawai," ta ce tana shessheƙa. "Je ka auri Kwalliya, gidansu har da tayil a waje. Ni na rasa ka, na rasa Umma, na rasa Baba sau biyu!"

"Subhanallahi. Kawo hannun."

"Ka faɗa min gaskiya. Mama ta ce kango ko ba ta ce ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta ce," ya amsa a hankali. "Hoton da aka nuna mata, an ɗauko shi ta wajen kwata ne. Na ce mata ta zo ta gani da idonta, gani ya kori ji. Na kuma ce ko ta zo ko ba ta zo ba, ni na riga na zaɓi gidan da zan shiga."

"Ka faɗa mata haka? Kai?"

"Har muryata na rawa, amma na faɗa."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Ya ciro hankici ya ɗaure mata yatsu, sannan ya buɗe jakar. A ƙarƙashin takardun jarrabawa akwai wani abu naɗe da tsohuwar jarida. Jan bulo ne, karkatacce, gefe guda ya ƙone, da ramin babban yatsa a kusurwa.

"Mijin yayarki ya ba ni labarin gurbin. Kullum in an tashi makaranta sai in wuce wajen masu gasa bulo. Sauran duk sun fashe, wannan ne kaɗai ya tsira. Na san mummuna ne..."

"Mummuna ne ƙwarai," in ji wata murya.

Umma ce a bakin ƙofa, idanunta jawur. Ta karɓi bulon ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu yadda Baba ke yi.

"Na farkonmu ma haka yake. Ɗauko cokalin gini a ɗakin babanku, Auta. Kai kuma cire agogon nan."

Ya kwaɓa siminti har ya ɓata wando, ya tura bulon cikin gurbi, ya zauna ɗas duk da karkatarsa. Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafar Umma.

"Ki yafe min. Zan kankare shi ko zai kai ni shekara."

"Bar shi haka."

"Umma, rabi fari fa..."

"Na ce bar shi. Babanku ya bar shaidarsa, ke ma kin bar taki. 'Ya'yanki za su tambaya, ki ba su amsa da bakinki."

Ranar Asabar motoci suka tsaya a ƙofar gida. Kwalliya ta riga kowa fitowa, tana nuna bangon da baki. Maman Lissafi ta tsaya ta daɗe tana kallo, har idonta ya sauka a kan karkataccen bulon da simintinsa bai gama bushewa ba.

"Wannan kuma wane makahon magini ne ya saka shi?"

"Ɗanki ne," in ji Umma.

Matar ta matsa. Ta sa yatsa a cikin ramin da ke kusurwa, ta daɗe ba ta cire ba. Ko a cikin dubu ta san babban yatsan ɗanta.

"Yaron da ko kofi ba ya ɗaurayewa," ta ce. Ta gyara mayafi ta juya wajen ƙawayenta. "To me kuke jira? Ku cire takalma, gidan surukaina ne."

Bayan biki Auta ta zo ɗaukar sauran kayanta. Da za ta fita ta ga Umma ta kai hannu wurin nan daidai ƙirji, ta shafa ramuka biyun da fenti ya cike, sannan ta sauke hannun ta shafa sabon bulon ma.