Ɗan da Bu Karti Ta Yar a Mararraba

Mbah Suro ya zube ƙwayar masara a tabarma, ya gyara tabarau, ya yi tarin nan nasa da ba ya fitowa. A ƙauyenmu ba a sa ranar aure sai ya lissafa, yau kuma jikarsa Lastri ce a gabansa, da saurayinta Danang. A lissafinsa, kowace ranar mako da kowace ranar kasuwa tana da lambarta.

"Ke Asabar aka haife ki, tara. Kasuwar Pahing, tara. Sha takwas. Kai kuma Talata, uku, kasuwar Wage, huɗu. Bakwai kacal? Hm-hm-hm."

Ya haɗe ƙwayoyin, ya dinga kwashe takwas-takwas. Guda ɗaya ta rage.

"Rabuwa," in ji shi. "Ko saki, ko kabari."

"Mbah, a sake ƙirgawa mana," Lastri ta ce. "Wataƙila kaza ta tsince ɗaya."

"Kazar ubanki! Ni na ƙirga wa uwarki, ga ta can tana shan shayi da mijinta." Ya sake tarin. "Hanya ɗaya ce. Uwarsa ta yar da shi a mararraba, ubanki ya tsince shi, ya zama ɗan gidan nan, lissafin ya ɓace masa. Amma ita uwar tasa ba ta dafa ko cokali ɗaya na biki, ba ta kuma taka wurin."

Danang ya miƙe. "Ni kaɗai ta haifa, Mbah. Tun rasuwar babana take soya ayaba a bakin kasuwa saboda ni. Bunsurun bikina ma ta fi shekara tana turke da shi."

A bakin rijiya Lastri ta share hawaye ta ce, "Mas Danang, mu haƙura. Ba zan shiga ɗaki a kan kukan uwa ba."

Suka haƙura ɗin kuwa. Danang ya daina bi ta layinsu, ya daina cin abinci, ya koma kamar sandar shanya.

Uwarsa, Bu Karti, ta zuba masa ido har ta gaji. Wata safiya ta ajiye matsamin suya.

"Sa farar rigarka."

"Ina za mu, Bu?"

"In yar da kai. Ka cika min gida da tagumi."

A mararrabar gonakin shinkafa ta zaunar da shi a ƙasa. Ta gyara masa wuyan riga sau biyu, alhali ba abin da ya same shi.

"Ba ni da ɗa," ta faɗa da ƙarfi, yadda al'ada ta ce. Sai ta yi ƙasa da murya. "Ka dinga cin abinci, ka ji?"

Ta juya. Ba a waiwaye, ba ta kuwa waiwaya ba, sai kafaɗunta da ke ta girgiza. Baban Lastri ya fito daga bayan itacen ayaba yana cewa, "A'a, ɗan wa aka bari a nan?" sannan ya kama hannun Danang ya tashe shi.

Ranar biki kiɗa na tsallako gonaki har ɗakinta. Ta rufe taga, ta ba bunsurun ciyawa, ta zauna kusa da shi.

Bayan biki ya watse, tana dawowa daga kasuwa da tire a ka, sai ga amarya zaune a mararraba, da jakar kayanta, rana ta gasa ta.

"Ke lafiya? Ko lissafin ne ya fara?"

"Yar da ni aka yi, Bu. Babana da kansa, Mbah na kallo yana tari. An ce kin rasa ɗa, ba a ce ba za ki tsinci 'ya ba." Ta sunkuyar da kai. "Sai dai ina da miji, mai ci ne sosai. In kin tsince ni, shi ma zai biyo, a matsayin surukinki."

Tiren ya faɗi. Bu Karti ta durƙusa a cikin ƙura ta rungume ta.

"'Yar wa aka bari a nan?" ta ce tana kuka. "Tawa ce. Kowa ya ji, tawa ce."

'Yan'uwana mata, uwar da ta iya sakin ɗanta don farin cikinsa, kada ku bari ta ci tuwo ita kaɗai.